Kombi a babban gida: tambayoyin da masu gini ke yi mini a Yamai

Aikin tiyo da ruwan zafi nake yi, plombiye kamar yadda ake ce muna. Duk shekara da iskar hunturu ta fara kaɗawa sai waya ta yi ta ƙara, Alhazai da Hajiyoyi masu gina vila a Koira Kano, Bobiel, Koubia da Yamai 2000, da ƴan uwa mazauna Turai da ke turo kuɗɗin gini, kowa da tambayarshi kan shodiyer ɗin nan, na'urar ɗuma ruwa, da ake kira kombi. Na tara waɗanda sunka fi maimaituwa, ga su nan da amsata.

Wai minene kombi ɗin ma tukuna?

Na'ura ce mai aiki da gaz da ake maƙalawa a bango, girmanta bai kai ƙaramin firijo ba. Aiki biyu take yi: tana ɗuma ruwan da ke zagayawa cikin radiyato don ɗuma ɗakuna a ƙasashen sanyi, kuma tana ɗuma ruwan wanka da na kicin. Ba ta da tanki. Kana buɗe robine na zafi sai ta ji ruwa na wucewa, ta kunna wuta, ruwan ya bi ta tsakanin wasu siraran faranti na ƙarfe ya ɗauki zafi ya fito, kana rufewa ta mutu. Shi ya sa Turawan Ingila sunka so ta sosai, gidajensu ƙanana ne, babu wurin ajiye tanki, gaz kuma ta tiyo yake shigo masu har gida. Su Vaillant, Worcester Bosch, Viessmann, Ariston, Saunier Duval duk suna ƙera ta, kuma kaya ne masu kyau in an sa su inda ya dace.

Gidana ɗakin wanka biyar, mu goma sha biyu ne har da yara da ƴan aiki. Za ta ɗauke mu?

Gaskiya Alhaji ba za ta ɗauka ba, in dai wanka kuke yi lokaci guda, kuma na san haka ne don duk gidan da ke da ƴan lakwal tsakanin sallar asuba da ƙarfe bakwai ake yin komi. Tunda ba ta ajiye ruwa, iyakar abin da wutarta ta iya ɗumawa a minti guda shi ne kawai za a raba ma duk wanda ya buɗe robine. Lissafin bai da wuya, ka riƙe shi: lita nawa a minti, sau digiri nawa kake so a ƙara ma ruwan, sau 0.07, shi zai ba ka kilowat ɗin da ake buƙata. A takardun masu ƙerawa na Ingila da ƙarin digiri 35 suke lissafi saboda ruwansu na hunturu kamar ƙanƙara yake, to a haka mai kilowat 24 tana ba da wajen lita 10 a minti, mai 30 lita 12, mai 35 lita 14, mai 40 lita 16. Dush guda mai daɗi yana shan lita 8 zuwa 12 a minti. Ka ga ke nan a can ƙaramar kombi mutum guda take ma wanka.

Mu nan muna da ɗan sauƙi, ruwanmu bai kai nasu sanyi ba. A ce ruwan shato ya kwana ya sauko digiri 18 cikin Janairu, kana son 40, ƙarin 22 ke nan, to mai kilowat 24 za ta iya kaiwa lita 15 da ɗan wani abu. Dush ɗaya da rabi. Amma dush uku a buɗe lita 30 ne a minti, 30 sau 22 sau 0.07 ya ba ka kilowat 46, huɗu kuma ya wuce 60, alhali kombin gida da wuya ka ga ta wuce arba'in da ƴan kai. Abin da zai faru shi ne Hajiya na cikin wanka a bisa, yaro ya buɗe nashi a ƙasa, ƴar aiki ta buɗe na kicin, sai ruwan ya tsinke ko ya huce a jikin kowa, kuma tsoho ko jariri aka fi cuta da wannan canjin na ba-zata.

To ba sai in sayi babba ba? Kuɗɗi ba matsala ba ne.

Allah ya ƙara buɗi, amma babbar ma abin da tiyon gidanka ya kawo shi za ta ɗuma, ba ta ƙirƙiro ruwa. In lita 12 ke shigowa gidan a minti, ko ka sa mai kilowat 40 lita 12 ɗin nan ce za a raba tsakanin zafi da sanyi. Kafin ka kashe ko dala ka yi wannan gwajin: ka ɗauki bido mai lita 20, ka kafa a robinen da ya fi kusa da kontar, ka duba agogo. In ya cika cikin minti guda kana da lita 20 a minti, in ya ɗauki minti biyu 10 gare ka. Kuma da asuba za ka gwada, lokacin da duk unguwa ke ɗiba, kada ka gwada da tsakar dare ka ce ruwa na da ƙarfi.

Ruwanmu daga shato yake saukowa, akwai matsala?

Akwai, babba ma. Mita 10 na tsawo ke ba da bar guda na ƙarfin ruwa. Shaton da ke bisa dal ɗin etaj bai fi mita 2 ko 3 tsakaninshi da kan dush na sama ba, wato bar 0.2 zuwa 0.3, ita kuma kombi an ƙera ta ne don ruwan da ke zuwa da ƙarfi kai tsaye, sai da wajen bar guda ko fiye take ba da abin da anka rubuta a takardarta. In ruwa ya yi rauni ƙwarai ma ba ta sanin an buɗe robine, ba ta kunnawa. Dole sai an sa sirpresa, pompin ƙara ƙarfin ruwa, shi kuma kuran yake ci. Ka ga an ƙara wani abin da zai tsaya in wuta ta tafi.

Ai da gaz take aiki, mi ya haɗa ta da kuran?

Fanka gare ta a ciki, da pompi, da katin lantarki mai sarrafa komi, da abin da ke tartsatsin kunna wuta. Ba ta cin kuran da yawa amma in babu shi ko butel ɗinka cike take ba ka da ruwan zafi. Katin nan kuma bai son wutar da ke hawa da sauka, sai da regilatar, kuma da yawansu in babu wayar ƙasa mai kyau a gidan ba su gane cewa wuta ta kama, sai ta kunna daƙiƙa kaɗan ta mutu ta nuna lambar kuskure a allo. A kan grup ma haka take yi ma mutane sau da yawa. Gidajenmu nawa ne anka yi ma wayar ƙasa ta kirki?

Butel ɗin gaz da muke girki da ita za ta isa?

Nan ne nake so mutane su natsu. Mu ba mu da gaz na tiyo a gidaje, na butel ne, wanda mafi yawanshi daga matatar SORAZ ta Damagaram yake fitowa tun da ta fara aiki a 2011. Kombin da anka sayo daga Faransa ko Beljik ko Aljeriya kusan kullum an daidaita ta ne ma gaz ɗin tiyo na can, kuma ba iri guda ba ne da na butel, ƙarfinsu ya bambanta. Sai an canza mata kayan ciki an sake daidaita wutar da na'urar awo, wasu ma propan kaɗai, wani nau'in gaz na butel, masu ƙerawa sunka yarda a sa masu. In anka jona ta haka nan za ta yi ta baƙin hayaƙi tana fitar da guba.

Sai maganar ci. Kilo guda na gaz yana ba da wajen kilowat-awa 12 da ɗan wani abu, to mai kilowat 24 in tana ci da ƙarfinta duka kusan kilo 2 take sha a awa, mai 35 ta doshi kilo 3. Butel guda ba ta iya fitar da wannan na dogon lokaci, don gaz ɗin kamar ruwa yake a ciki, sai ya zama iska kafin ya fita, in an ja da sauri sai ya huce. Na gani da idona a wani gida, butel ta yi gumi har rabin jikinta, ƙasan ya yi fari-fari da sanyi, in ka taɓa hannu ya ɗauke, wutar ta yi ta raguwa har na'urar ta mutu, mai gida na cewa an sayar mashi da butel rabi alhali da nauyinta. Maganin shi ne a jera butel uku ko huɗu a haɗe a waje cikin inuwa da detandar da ta dace. Don Allah kada kowa ya sa butel cikin ruwan zafi ko kusa da wuta wai don ta ƙara ƙarfi.

Ga lissafin kwana: mutum guda in ya tsaya minti 8 ƙarƙashin dush lita 80 ya sha, ɗumawarta wajen kilowat-awa 2. Mutum 12 kullum ya kai kilo 2 na gaz, wato babbar butel ta kilo 12 kwana shida ta ƙare, ban da girki. In da bokiti mai lita 20 ake wanka, butel ɗin nan za ta kai sati uku.

Radiyato fa, dole sai na sa?

A Yamai ko Tawa mi za ka yi da radiyato? Bargo ya isa. Rabin na'urar da ka biya kuɗɗinta zai zauna banza, kuma duk da haka sai an cika wannan ɓangaren da ruwa an riƙe shi bar 1 zuwa 1.5 in ba haka ba ta ƙi tashi. In dai gaz kake so lalle, akwai shofo na gaz mai ɗuma ruwan wanka kaɗai, ya fi arha, ya fi sauƙin gyara, wasu ma da pil suke kunnawa ba ruwansu da kuran.

Alwala da asuba, ita ce damuwar tsohona. Kombi za ta yi?

Ita ce ma inda ta fi ba da haushi. Sai an buɗe take kunnawa, sannan ruwan sanyin da ya kwana cikin tiyo sai ya fita tukuna. Tiyo mai faɗin milimita 16 a ciki yana riƙe lita 0.2 a kowace mita, in ɗakin Baba na can ƙarshen gida mita 30 daga na'urar lita 6 ke nan na sanyi, kafin zafin ya iso ya gama alwala ya tafi masallaci, an ƙona gaz a banza. Ka sa mashi ƙaramin kumulus, wato tankin da ke ɗuma ruwa da kuran, mai lita 15 ko 30 a ɗakin wankanshi, yana buɗewa zafi na zuwa. Wannan kuɗɗin kam ba ka yi asararshi ba.

Matata ta kusa haihuwa, wankan jego muke tunani.

Allah ya sauke ta lafiya. Wankan jego ruwa mai yawa yake so a lokaci guda, safe da marece, har a yi arba'in. A nan kombi za ta iya cika baho a hankali tunda ruwanta bai ƙarewa, matuƙar ba wanda ya buɗe wani robine, sai dai yawancinsu ba su wuce digiri 60 ko 65, kuma iyayenmu mata kan ce bai yi zafi ba. Ni dai roƙona a bi shawarar likita kan zafin, don ruwa mai digiri 60 cikin daƙiƙu kaɗan yake sale fata, ta jariri ma tun kafin ka ankara. Tanki mai lita 200 ko 300 ya fi dacewa da wannan hidimar.

To mi kake ba babban gida shawara ya sa?

Abin da ke ajiye ruwa. Kombi kamar buta guda ce a kan wuta ana layi, babban gida kuwa tukunyar biki yake so, wadda anka ɗora tun da wuri kowa ya zo ya ɗiba. Tanki bai damu ko robine nawa anka buɗe ba, iyakarshi ya ƙare. Kuma ruwan da ke ciki ya fi abin da ka gani yawa, lita 100 mai digiri 60 in ka sirka da mai digiri 20 lita 200 na wanka ka samu.

Mai ɗuma tankin nan kuma rana ce, Allah ya ba mu ita kyauta. Abin yana ci mini rai in ga mutum ya biya kuɗɗin jirgi da duwan ya kawo na'urar ƙasar ƙanƙara, alhali a garin nan Farfesa Abdou Moumouni, ɗan Tasawa wanda jami'armu ke ɗauke da sunanshi, ya shugabanci ONERSOL, ofishin makamashin rana na ƙasa, daga 1969 zuwa 1985, kuma tun wancan zamanin anka fara ƙera shofo na rana a Yamai. Na yau akwai mai faranti baƙi da mai kwalaben gilashi, tanki a bisansu, lita 150, 200 ko 300, ruwa na zagayawa da kanshi in ya yi zafi, babu pompi babu kuran. Gida mai mutum 12 masu dush ka lissafa wajen lita 40 na zafi kowane mutum, kusan 500 ke nan, sai ka sa biyu masu 300, ɗaya ɓangaren mai gida ɗaya ɓangaren yara, tiyo ya gajarta kuma in ɗaya ya samu matsala ba a rasa duka ba. In da bokiti ake wanka guda mai 200 ya wadatar.

Sai dai a kiyaye abubuwa. Ya fuskanci kudu, a ɗan kwance wajen digiri 15, kada inuwar shato ko bishiya ta faɗo mashi. Mai lita 300 ruwan kaɗai kilo 300 ne, bisa dal ake sa shi, a faɗa ma mason tun ana gini. Da rana yake ɗumawa ku kuma da asuba kuke wanka, don haka kaurin rufin tankin shi ne abin dubawa wajen saye, mai arha da siririn rufi kafin gari ya waye ya huce. Ƙurar hunturu na rufe gilashi daidai lokacin da aka fi buƙatarshi, a sa yaro ya riƙa gogewa da sassafe ko bayan magariba, kada a watsa ruwan sanyi a gilashi mai zafi. A sayi mai rezistans a ciki, ƙarfen da ke ɗuma ruwa da kuran, don ranakun da hazo ya rufe rana. A Afrilu da Mayu kuwa ruwan na iya kusan tafasa, dole a sa abin sirkawa a bakin fita saboda yara, wasu ma rufe rabin gilashin suke yi.

Kumulus na kuran fa?

Yana aiki, kuma ko an ɗauke wuta ruwan da ya ɗuma yana nan. Lita 100 daga digiri 20 zuwa 60 kilowat-awa 4.6 ne, mai kilowat 1.5 zai ɗauki awa uku. Faktir ce kawai matsalar in sun yi yawa a gida, kuma ka duba ko kontar ɗinka za ta ɗauke su tare. A bar shi a kan 60, ƙasa da haka wata ƙwayar cuta mai suna lejiyonela na iya hayayyafa a ruwan da ya daɗe ɗumi-ɗumi. Ƙananan nan da ake maƙalawa a kan dush masu ɗumawa nan take, mai kilowat 7 amper 30 yake ja, ban son ganinsu a gidan da wayoyinshi sirara ne.

A Tawa nake, ruwan foraj muke sha. Akwai bambanci?

Ruwan pompin Yamai daga kogi yake, ana tace shi a Goudel da Yantala, naku kuwa daga ƙarƙashin ƙasa, kuma kowane foraj da halinshi. Ka leƙa cikin butar da ake dafa ruwan shayi, in ka ga farin ɓawo ya manne a gindinta to haka zai manne cikin na'ura. Hanyoyin ruwa cikin farantan kombi ƙanana ne ƙwarai, na taɓa kwance wata na tarar da su cike da farin abu kamar garin alli da ya daskare, ruwa na fita zafi-sanyi zafi-sanyi. Yashi da jan ƙarfe ma na toshe ta. Tanki ya fi haƙuri, ana buɗe shi a kwashe. Ga kuma maganar piyas, in kati ya ƙone a Tawa sai an aika waje, kafin ya iso sanyin ma ya wuce.

Ni a Turai nake zaune da iyali, don gidan can nake tambaya.

A can lissafin ya canza tunda kuna da gaz na tiyo da ruwa mai ƙarfi kuma kuna buƙatar ɗuma ɗakuna. Ɗakin wanka guda, kombi mai kilowat 24 zuwa 30 ta yi. Biyu, ka nemi mai 35 zuwa sama in ruwan da ke shigowa gidan ya kai, ko irin wadda ke da ƙaramin tanki a cikinta. Uku zuwa sama da yara masu tafiya lakwal lokaci guda, shodiyer mai tanki daban ita ce taka, lita 200 zuwa 300. A Ingila sai mai rajistar Gas Safe, rajistar masu aikin gaz, doka ta yarda ya taɓa ta, a Faransa kuma dole ne a duba ta kowace shekara, kada ka bari wani ɗan uwa ya ce zai haɗa maka da arha.

Na riga na saye ta, tana cikin kwalinta. Ƙaƙa zan yi?

Kada ka jefar. Ka fara duba farantin da ke jikinta ka ga wane gaz anka rubuta, ka tabbatar akwai kayan canza ta zuwa na butel na ainihin kamfaninta, in babu to ka sayar ma mai komawa inda za ta yi aiki. In akwai, ka ba ta ɓangare guda kawai, ɗakin wankanka da kicin misali, kusa da su, sauran gidan ka sa masu na rana. Ko kuma a haɗa ta da tanki ta riƙa ɗuma shi, wannan sai wanda ya san aikin. A sa mata sirpresa, filta a bakin shiga, regilatar da wayar ƙasa, butel a waje. Bututun hayaƙinta ya fita waje sosai nesa da taga, a rufe mahaɗarshi da kyau, kuma kada a yarda a sa ta cikin ɗakin kwana ko ƙaramin ɗakin wanka mai rufaffiyar ƙofa. Gubar da ke fita in gaz bai ƙone daidai ba ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai da jiri da amai take fara sawa, mutum ya zaci masassara ce ya kwanta. A sayi ƙaramin abin ƙara da ke gano ta a maƙala kusa, in ya yi kuka a kashe butel a buɗe tagogi a fitar da kowa, wanda ya ji jiri a kai shi likita nan take.